Birkin Dama da Hannun Ilu Wanzami

Na ji abin da mai jar hular can ya ce, kada ya ɗauka kunnena ya tsufa. Wai gyaran keke ba sana'a ba ce, faci ne da famfo. To madalla. Zo ka zauna nan kan benci, ɗan nan, tunda babur ɗin naka ma ba fetur gare shi, ba inda za ka. Ni na fara gyaran keke a garin nan na Jibiya tun ana kashe fam da sule, kuma abin da ba ku sani ba shi ne keke ba ya zuwa wurin mai gyara shi kaɗai. In ka ga kan keke ya karkace, dubi wanda ya turo shi, za ka ga gwiwar wandonsa a yage. Rabin aikina ƙarfe ne, rabin kuwa fatar mutum.

Maigidana da ya koya mini aiki, Mamman Dogo, Allah ya jiƙansa, rumfarsa na bakin hanyar da ta nufi Magama, inda ake tsallakawa Nijar. Ranar da babana ya kai ni, na ɗauka sifana za a miƙo mini. Ina! Mutumin nan ya ɗora ni kan wani tsohon keken haya, ya kai ni gangaren gulbi, ya ce in riƙe da kyau, ya sake ni. Sai da na yi nisa na lalubi birki na ji wayam. Na tafi ina salati ina kiran sunan innata har na kife cikin rairayi. Na dawo ina ɗingishi, gwiwa da gwiwar hannu duk sun kurje, ga majina ga hawaye. Ko sannu bai ce mini ba. Cewa ya yi, "To, yau ka san abin da ke kawo muna mutane. Ɗauko buta."

Ya zaunar da ni kan kututture, ya tafasa ruwa, ya bari ya huce, ya zuba gishiri, ya wanke ciwon nan sai da ya ga ba sauran ƙwayar yashi. Ina zillo yana ce mini in buɗe ido in ga yadda ake yi. Da ya ɗiga aidin kuwa, wallahi sai da na ga taurari da rana tsaka. Darasina na farko ke nan. Faci ya biyo baya da daɗewa, bayan na gaji da wankin boris, 'yan ƙwayoyin ƙarfen cikin ƙafar keke, a kalanzir da ɗaukar famfo.

Akwatin aikin da na gada wurinsa gida biyu gare shi. Ɗaya na sifana da filaya da sholisho da giris da tsofaffin bawul. Ɗayan na gwangwanin gishiri, da kwalbar aidin, da auduga, da farin ƙyalle wankakke, da ɗan man kaɗanya a kurtu. Duk wanda ya sa hannun giris a gida na biyu ya sha ranƙwashi. Kuma Mamman Dogo ya yi mini iyaka tun farko. Kurjewa da ƙujewa namu ne. In ka ga hannu ya canza kama, ka tura wurin maɗori. In ƙarfe mai tsatsa ya huda mutum, ka kora shi asibiti a yi mishi allura. In kuwa kai ne ya bugu, mutum yana amai ko yana yi maka zancen da ba kai ba gindi, to ka ajiye keken ka nemi mota. Bai yarda mu yi shisshigi cikin abin da ya fi ƙarfinmu ba.

Wahalar ba ta ciwon ba ce, ta abin da mutane ke zubawa a kai ce kafin su iso. Wani ya danƙa toka, wani ƙasar wurin da ya faɗi, wai ita ta ji mishi ciwo ita za ta warkar. Yaran mota kuwa baƙin mai da ruwan batir. Akwai wani mai sayar da gishiri daga Riko da ya ƙuje ƙauri, ya ga ina liƙe tib, ya ce don Allah in shafa mishi sholisho in manna faci kawai, sauri yake kasuwa za ta tashi. Na ce, "Malam, in na yi maka faci sai na tsoma ka a ruwa na ga ko kana kumfa, ka yarda?" Ya yi dariya ya miƙo ƙafar.

Shekarar fari da yunwa ce ta kusa raba ni da sana'ar. Lokacin maigidana ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, ga iyali. Mutane na gangarowa daga arewa, daga bayan Maraɗi, da 'yan komatsansu a ka, dabbobi sun ƙare. Wa ke ta keke? Wanda ke da shi ma sayarwa yake ya sayi hatsi. Na ga manomin da tib ɗinsa ya mutu ya cusa tsumma da ciyawa cikin taya, yana tafe keken na ƙwar-ƙwar kamar ana daka. Sai in wuni ban taɓa sifana ba. A shekarar nan na fi wanke ƙafafun matafiya da suka tsage fiye da gwiwar masu keke, su kuwa ba abin da za ka karɓa wurinsu sai addu'a. Na yi baƙin ciki ƙwarai a shekarar, har na fara tambayar yadda ake shiga dako a tasha.

Sai Allah ya kawo ruwa, sai kuma ga kuɗin man fetur sun shigo ƙasa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya a dunƙule, kuɗin suka gangaro har kan mai tsire da mai goro. Ran Lahadi kasuwar Jibiya ba masaka tsinke, mutanen Nijar na tsallakowa su kwashi atamfa da sukari da kalanzir, jandarma na can yana kallo. Kowa kuma sai keke. Malamin makaranta keke, tela keke, tsohon da bai taɓa hawa komai ba sai jaki shi ma keke. A sa mishi madubi biyu, ƙararrawa biyu, furen roba a gaba, takardar da aka naɗe ƙarfen da ita ma ba a yarda a cire. Sayen keke kuwa daban, iya shi daban. A shekarun nan garin Jibiya ya sha ƙasa, ni kuma na sayi kwanon rufi.

Akwai wani Alhaji mai goro da ba na mantawa. Ya hau sabon kekensa da babbar riga 'yar Kano, aiki har ciki, zai tafi ɗaurin aure. Gefen rigar ya shige sarƙa, sarƙa ta naɗe ta har firiwil ɗin ƙafar baya, ta fizgo shi ƙasa. Haka aka kawo mini su a manne, mutum biyu na riƙe da Alhaji, ɗaya na riƙe da keke. Gwiwarsa jini na tsiyaya har cikin takalmi. Na ɗauko almakashi, sai ya daka mini tsawa, "Kai, Haruna! Ka taɓa rigar nan sai mun je gaban alƙali. Kwance keken!" Na ce, "Alhaji, gwiwar fa?" Ya ce, "Gwiwa tana tsirowa, riga tana tsirowa ne?" Haka na kwance ƙafar baya gaba ɗaya yana tsaye a kaina yana ce mini a hankali. Tun daga ranar, duk mai babbar riga da ya zo shan iska sai na koya mishi ya tattare ta ya saɓa a kafaɗa kafin ya taka feda.

Amma faɗuwar da ta fi yawa a nan bakin iyaka, wadda mai gyara na Kano ko Zariya ba zai taɓa ganewa ba, ta birki ce. Kekunan da ake kawo muna irin na Ingila ne, birkin hannun dama shi ke kama ƙafar gaba. Na ƙetare kuwa irin na Faransa ne, hannun dama ƙafar baya yake kamawa. Ko da ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama kamar su, kekunanmu ba su canza ba. To mutumin da ya koyi keke a Maraɗi ko Ɗan Isa, hannunsa ya saba in ya ga haɗari ya damƙe dama da ƙarfi. Ya zo nan ya sayi namu, akuya ta gifta, ya damƙe dama, sai ƙafar gaba ta kafe, keke ya tsaya, shi kuwa ya ci gaba da tafiya ta sama. Namu birkin sanda ne, ba a juya shi kamar na waya. Don haka duk wanda ya kawo mini sabon keke in ɗaure mishi, tambayata ta farko ita ce a ina ya koya. In ya ce ƙetare, sai in sassauta mishi birkin gaba, in sa shi ya yi ta zagaye rumfa har hannun hagu ya koyi aiki.

Ilu wanzami bai biyo ta wurina ba. A Katsina ya sayo nasa, a can aka ɗaure mishi, birki tsaf kamar tarko. Shi kuwa a Ɗan Isa ya koyi hawa, kan keken ƙanin matarsa.

Ku ba ku san Ilu ba. Ya girme ni nesa, dogo, mai tsabta, mai jin kai, zabirarsa ta jar fata kullum a rataye, asake da ƙaho a ciki. A zamanin nan wanzami ba shago yake buɗewa ba, gidaje gare shi. Shi ke askin gidan, shi ke suna, shi ke ƙaho, in kaka ta yi a ɗauro mishi dammunan gero. Babban gidan Ilu shi ne na Baba Barmo a Gangara, gandu guda mai 'ya'ya da jikoki rututu, tun kakansa su ke yi musu aski. Geron gidan nan ne ya riƙe iyalinsa a shekarar fari. Kuma a ƙa'idarsu, in wani wanzami ya samu ya yi askin suna a gida, to ya shiga ke nan, fitar da shi sai Allah. Akwai kuwa mai jiran hakan, wani wanzami Nomau, sa'an Ilu, wanda suka shekara da shekaru suna gaisawa da baki kawai.

Ran Lahadi Ilu ya fito da sabon keke, ya biyo ta gaban masu fura a gangaren kasuwa yana kaɗa ƙararrawa don a gan shi. Jaki ya fito daga lungu. Ya damƙe dama. Waɗanda suka gani sun ce sai da hularsa ta riga shi sauka, shi kuma ya tari ƙasa da tafin hannun dama, zabira ta fashe, ƙahoni suka watse cikin ƙoren fura. Ya miƙe tsaye, ya kaɗe riga, ya ce wa mutane ba komai, ya tura kekensa ya tafi gida.

Sai washegari da hantsi ya zo mini, ta bayan rumfa ya shigo, hannun a cikin riga.

Ya ce, "Haruna, kan keken nan ya ɗan karkace."

Na ce, "Na ji labari, Wanzam. Kan keken kaɗai?"

Ya ce, "Wa ya faɗa maka?"

Na ce, "Wa bai faɗa mini ba? Mu ga hannun."

Ya waiga dama da hagu, sannan ya fito da shi. Subhanallahi! Mutumin da ya san jini fiye da kowa a garin nan, ya danƙa wa ciwonsa toka ya ɗaure tamau da tsumma, don kawai kada matarsa ta gani. Tafin ya kurje tun daga gindin babban yatsa har tsakiya, tsakuwa a ciki, tsumma ya manne. Wuyan hannun kuwa ya kumbura, targaɗe ne ƙarara.

Na ce, "Wannan wuyan hannun ba nawa ba ne, na maɗori ne."

Ya ce, "Maɗorin garin nan surukin Nomau ne. Kafin in fito daga zaurensa labari ya kai Gangara. An yi wa Baba Barmo jika, ɗan babban ɗansa, jibi suna. In ban yi askin nan ba, gidan ya tahi. Ka wanke mini kawai, ka rufa mini asiri."

Na ɗora ruwa. Na jiƙa tsumman sai da ya saki don kansa, don in ka fizge shi ka tayar da sabon ciwo. Na ari hantsakinsa na zabira, na tafasa shi, na fara tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Jama'a, ku zo ku ga wanzami! Mutumin da ke tsaga bayan ƙatti yana ce musu, "Haba, kai ba namiji ba ne?" sai ga shi yana harbin iska da ƙafa yana, "Ash! Wayyo! Haruna, kai ba ka da imani!"

Na ce, "Haba Wanzam, kai ba namiji ba ne?"

Ya ce, "Allah ya kawo ka hannuna."

Da na ɗauko kwalbar aidin sai ya ce wai ya tuna yana da aiki a gida. Na danne gwiwar hannun da ƙafata na ɗiga. Ƙarar da ya yi sai da mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo, na ce mishi taya ce ta fashe. Na rufe ciwon da farin ƙyalle sako-sako don ya sha iska, na gasa wuyan hannun da ruwan ɗumi, na shafa man kaɗanya, na ɗaure. Na ce ya rataye hannun a ƙirji, kada ya ɗauki ko buta da shi, gobe ya dawo a sake wankewa. Sannan na miƙe mishi kan keke, na sassauta birkin gaba, na nuna mishi abin da ya kayar da shi. Ya daɗe yana kallon birkin nan, ya ce, "Ashe ba jakin ba ne." Na ce jakin ma yana da nasa laifin.

Kashegari da la'asar ya dawo. Ciwon ya yi kyau, ya bushe, ba mugunya, ba kaluluwa a hammata. Na ji daɗin aikina. Amma wuyan hannun na nan yadda yake. Ya ce shi dai yana jin ƙarfi, abin da yake so ya gwada hannun a kan mutum kafin gobe. Ya faɗi haka yana kallon kaina.

Na ce, "A'a, Wanzam."

Ya ce, "Sumarka ta yi yawa dama. Kyauta zan yi maka."

Ban san abin da ya kai ni ba, na cire hula na durƙusa. Ya jiƙa kan, ya wasa aska a fata, ya ɗora. Daga goshi zuwa tsakiya lafiya lau, hannun Ilu ne da na sani, kamar ana shafa maka auduga. Da ya zo inda ake karya wuyan hannu a bi bayan kunne, sai na ji askar ta yi rawa, na ji zau. Jini ya gangaro mini wuya. Yanka ne ɗan ƙarami, wanda babba ba zai ko kula ba, amma ni da shi mun san kan jariri ba kan Haruna ba ne, maɗigarsa ma numfashi take yi.

Na ce, "Wanzam, ni ba wanzami ba ne, amma hannun nan bai kai ba."

Ya ce, "Kafin safiya zai saki."

Na ce, "In bai saki ba fa?"

Ya ɗauki audugata ya danna mini a bayan kunne, ya ce in zo bayan asuba in goya shi zuwa Gangara, don ba zai iya riƙe kan keke ba. Na so in ƙi, amma na ga in na ƙi da ƙafa zai tafi, gara ina kusa.

Muka kama hanya gari na wayewa, shi a kariyar bayan keke da zabira a cinya, ni ina fama da rairayi. Dogon mutum ne, ƙafafunsa na jan ƙasa, duk inda muka ci karo da mutane sai ya gyara zama ya ɗaga musu hannun hagu kamar wani hakimi. Ya kwance ɗaurin wuyan hannun ya saki hannun riga ya rufe ƙyallen.

Mun tarar an taru a ƙofar gidan Baba Barmo, an shimfiɗa tabarmi, ana raba goro. Wa zan gani a gefe, zaune kan buzunsa da zabira a gaba? Nomau. Wai ya zo taya murna. Mutum ya zo taya murna da zabira! Ya dubi Ilu ya ce, "Sannu da zuwa. Na ji an yi tsautsayi a kasuwa, ya jiki?" Ilu ya ce, "Jiki sai godiya." Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago. Can sai ungozoma ta fito zaure da jaririn a naɗe cikin zane, ta zauna, aka ajiye ƙwaryar ruwa da sabulu. Baba Barmo, tsoho mai farin gemu da ba ya yawan magana, ya ce, "Ilu, bisimilla."

Ilu ya durƙusa. Ya buɗe zabira, ya zaro wata tsohuwar aska mai ƙotar ƙashi, ya wasa ta. Ya jiƙa kan yaron da hannun hagu, sumar nan baƙa wuluk ta kwanta. Ya ɗaga askar. Ina tsaye a bakin zaure, ina ganin bakinta yana ɗan motsi, kaɗan ne, wanda bai sani ba ba zai lura ba. Yaron ya yi hamma. Ilu ya tsaya a haka har ungozoma ta ɗago ta dube shi.

Sai ya sauke askar. Ya janye hannun riga, ya ɗaga hannun kowa ya ga ƙyallen da kumburin.

Ya ce, "Baba, na faɗi a keke. Hannuna bai yi ba yau. Ba zan ɗora shi kan yaron ga ba." Sannan ya ce, "Ga Nomau nan, hannunsa lahiya lau. A ba shi."

Ni na san abin da ya miƙa, kowa a wurin ya sani. Gidan askin da ya gada tun kakansa ne da geron 'ya'yansa ya ɗauka ya ba mutumin da ya fi ƙi a duniya. Wallahi sai na ji kamar in ɗauke shi in mayar kan keke mu gudu. Baba Barmo ya dubi hannun, ya dubi jikansa, ya ce, "To. Nomau, matso."

Nomau ya taso da zabirarsa ya durƙusa kusa da Ilu. Ya kama igiyar zabirar zai kwance, sai ya tsaya. Ni dai ban san abin da ya shiga ransa ba. Ya ture ta gefe, ya miƙa wa Ilu hannu ya ce, "Ba ni askarka."

Ilu ya dube shi bai gane ba.

Nomau ya ce, "Ba ni mana, yaro na jira." Ya karɓa, ya ɗaga ta sama yadda na waje ma za su gani, ya ce, "Baba Barmo, jama'a, a shaida. Askar Ilu ce, ta ubansa, ita ta aske uban yaron ga. Tawa tana cikin zabira ban kwance ba. Askin na Ilu ne, ni hannu kawai na ara mishi."

Ya yi bisimilla ya aske kan nan tas, ko ɗigon jini babu, yaron ma bai farka ba sai da aka gama. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Da aka fito da rabon wanzami, cinyar rago da ƙwaryar gero da goro, Nomau ya tura su gaban Ilu. Na ji yana ce mishi ƙasa-ƙasa, "Da niyyar karɓe gidan ga na zo, Allah ya sani. Ka ɓata mini tahiya. Kawo hannun in gani, tsohon banza, ka rasa mai duba ka sai mai faci."

Ilu ya miƙa hannun, kansa a sunkuye. Sai ga hawaye na bin gemunsa suna ɗiga kan zabira.

Baba Barmo ya ce, "Ilu, hannun ne?"

Ya ce, "Hannun ne, Baba."

Ni kuwa ina kusa da su, ina gani. Nomau bai ko taɓa hannun ba tukuna.